Ruwan Zafi Da Itacen Gona: Abin Da Ya Kamata Ƙauyukan Arewacin Kano Su Fara Da Shi

Duk wanda ya taɓa kwana a wani ƙauye na ƙasar Ɗambatta, ko Bichi, ko Makoɗa cikin watan Janairu ya san abin da ke fara tashi daga gidaje tun kafin kiran assalatu, wato hayaƙi. Ba tuwo ake tuƙawa a wannan lokaci ba, ruwa ake ɗumamawa, domin alwalar tsofaffi, da wankan yara masu tafiya makaranta, da kuma wankan mai jego idan an yi haihuwa a gidan. A irin waɗannan darare sanyi kan sauko har wajen digiri 12 a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci ma ƙasa da haka, ruwan da ya kwana a randa kuwa sai mai ƙarfin hali ke iya sa hannu a cikinsa.

Idan ana maganar makamashi a karkara, hankalin jama'a yakan tafi ga girki da fitila. Ruwan zafi ba a cika lissafa shi ba, alhali kuwa a wasu gidaje, a wasu watanni, ya fi tukunyar abinci cin itace. Ra'ayin da ke cikin wannan maƙala shi ne lokaci ya yi da za a sauya yadda ake dafa ruwa a wannan yanki, kuma sauyin bai kamata ya jira zuwan wutar lantarki ko wata na'ura mai tsada daga ƙasashen waje ba. Akwai matakan da suka dace da aljihun manomi, kuma ilimin kimiyyar da ake koyarwa a aji huɗu na sakandare ya isa a gane su.

A fara da lissafi. Kafin zafin lita 1 ta ruwa ya ƙaru da digiri 1, sai an ba ta kilojul 4.2 na zafi. Wannan adadi babba ne ƙwarai idan aka gwada shi da na ƙarfe, wanda bai kai rabin kilojul ba a kowane kilo, shi ya sa tukunya kan yi zafi nan da nan amma ruwan cikinta ya daɗe yana jan jiki. To, a ɗauki misalin wankan jego, wanda a al'ada ake yi safe da yamma har kwana 40, kuma ake tafasa ruwansa a babbar tukunya ko rabin duro. Idan aka ƙaddara ruwan lita 50 ne, kuma za a ɗaga shi daga digiri 25 zuwa digiri 100, ana bukatar 50 sau 4.2 sau 75, wato kilojul 15,750, kusan megajul 16 ke nan. Busasshen itace kilo 1 yana ɗauke da zafin da ya kai kimanin megajul 16. Ashe da a ce duk zafin itacen yana shiga cikin ruwan, da kilo ɗaya tak ya wadatar.

Amma murhun duwatsu uku mai almubazzaranci ne. Harshen wuta yana fita ta gefe, iska tana kwashe zafi, ƙasa tana shan nata rabo, wani ɓangare na itacen kuma yana tashi a hayaƙi bai gama ƙonewa ba. Abin da ke isa ga tukunya bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Idan aka ɗauki kashi 10, wanka guda zai ci itace kilo 10, wanka 80 na kwana 40 kuma kilo 800. Wannan misali ne kawai, kowane gida da girman tukunyarsa da irin itacensa, amma ya isa ya nuna dalilin da ya sa magidanci kan fara tara itacen wanka tun cikin matarsa bai tsufa ba, da dalilin da ya sa talaka kan ci bashi saboda shi.

Ba Manomi Ne Ke Cinye Daji Ba

A nan ya kamata a yi hattara da wata magana da ake yawan maimaitawa a tarurruka, cewa mutanen karkara sun sare itatuwa sun jawo hamada. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano ta shahara a wurin masana labarin ƙasa saboda cunkoson jama'arta da yadda ake noma kowace gona kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin wannan yanki. A 1990 Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga sakamakon wani bincike kan itacen girki a Kano da shi da Reginald Cline-Cole da J. A. Falola da wasu abokan aikinsu suka gudanar. Abin da suka gano ya ba mutane da yawa mamaki: itatuwan da ke cikin gonakin da ke kusa da birni ba su ragu ba a shekarun da suka duba, domin manomi yana kallon ɗorawa da tsamiya da kuka da kanya da gawo a matsayin dukiya, yana sassabe reshe ya bar gindi, yana kuma rainon wanda ya tsiro. Itacen da birni ke ci kuwa manyan motoci ne ke kawo mafi yawansa daga dazuzzuka masu nisa.

Wannan bincike ya haura shekara 30, jama'a kuma sun ƙaru ainun tun daga lokacin. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, bayan an riga an cire Jigawa daga cikinta a 1991. Gonaki sun ƙara rarrabuwa ta hanyar gado. Gidan da kakansa ke da itatuwa masu yawa, jikan na iya tashi da biyu ko uku. Idan itace ya gaza, abin da ake komawa gare shi shi ne karan dawa da na gero, da kashin shanu. Nan ne asarar ta fi ciwo, domin karan nan shi ne danga da zana da abincin dabbobi da rani, kashin shanun kuma shi ne takin da ya riƙe ƙarfin ƙasar nan tun zamanin da jakuna ke kai itace birni su komo da mangalar taki. Duk kashin shanun da aka ƙona don ɗumama ruwa an hana gona ne. Saboda haka hujjar sauyi a nan ta tattalin gida da gona ce, kuma ita ce hujjar da manomi zai saurara, sama da wa'azin hamada da ake yi masa kamar shi ne mai laifi.

Akwai kuma batun lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda mafi yawanta daga hayaƙin itace da gawayi da kananzir take, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020. Mata da ƙananan yara su ne ke zaune a bakin murhu. Shi kansa wankan jego likitoci sun daɗe suna nazarinsa: a shekarun 1970 Davidson da Parry na asibitin koyarwa na Zariya sun alaƙanta ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da yawan zafi da kunun kanwa, daga baya kuma binciken likitoci a Kano ya nuna cewa al'amarin ya fi haka sarƙaƙiya, har da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Hukunci a kan wannan na likitoci ne. Abin da ya shafi wannan maƙala shi ne muddin ana wankan, akwai hanyar rage itacen da yake ci da hayaƙin da ake shaƙa.

Lantarki Da Faifan Sola

Mutum na iya cewa ai hita ta raba gardama. A ɗan lissafa. Ɗumama bokitin lita 20 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin kusan awar kilowat guda, wato yunit ɗaya na mita. A birni ma wannan ya zama abin tunani tun daga Afrilun 2024, lokacin da aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. A ƙauye kuwa matsalar ta riga kuɗi: garuruwa da dama babu waya, inda take kuma ba a san ranar zuwan wutar ba, balle a ce za ta zo da asuba. Ga haɗarin hitar nan ta tsomawa a bokiti, wadda ke iya kashe yaro idan ya sa hannu. Janareta ba abin ambato ba ne tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023.

Faifan sola na lantarki ya shiga ƙauyuka, kuma alheri ne ga fitila da cajin waya da famfon rijiyar burtsatse. Amma dafa ruwa da shi ɓarna ce. Faifan yana mayar da kimanin kashi 20 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa zuwa lantarki, sai a tara a batir mai tsada, sai kuma a sake mayar da lantarkin zuwa zafi. Baƙin ƙarfe da aka rufe da gilashi yana iya kama ninkin wannan ko fiye, kai tsaye, ba waya ba batir.

Yadda abin ke aiki ba sabo ba ne. Tun a 1767 wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Horace de Saussure, ya gwada akwati mai baƙin ciki da murfin gilashi, ya ga zafi yana taruwa a ciki. A 1891 Clarence Kemp na birnin Baltimore a Amurka ya sa tankunan ruwa masu baƙin fenti a cikin irin wannan akwati ya fara sayarwa. Hasken rana yana ratsa gilashi, baƙin ƙarfe ya shanye shi ya yi zafi, gilashin kuma ya hana iska kwashe zafin, ya tare wanda ƙarfen ke mayarwa. Duk wanda ya taɓa shiga motar da aka rufe ta a rana ya ɗanɗana wannan. A 1909 William Bailey a Kalifoniya ya raba aikin gida biyu: faranti mai bututu a ƙasa, tanki mai rufin tsare zafi a sama. Ruwan da ya yi zafi ya fi mai sanyi rashin nauyi, don haka yakan hau tanki da kansa, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa, ba tare da injin turawa ba.

Ƙasar Kano tana samun zafin rana da ya kai kimanin megajul 20 a kan kowace murabba'in mita a yini, idan aka yi matsakaicin lissafi na shekara. Akwatin da ya kama kashi 40 cikin 100 na wannan zai ba da megajul 8, wanda ya isa ya ƙara wa lita 50 kusan digiri 38. Wato ruwan da aka zuba da hantsi yana iya haura digiri 55 kafin la'asar, ba a ƙona ko tsinke ba.

Masana a wannan ƙasa ba su bar fagen ba. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun 1982, ta ƙera na'urorin ɗumama ruwa da rana da murhuna masu tattalin itace, har ta kafa wata mai cin lita 1,000 a ɗakin haihuwa na asibitin koyarwa na jami'ar. Abin takaici shi ne irin waɗannan ƙere-ƙere sun fi yawa a wuraren baje koli da cikin kundayen digiri. Ƙalilan ne suka isa hannun mai walda na bakin kasuwa, wanda shi ne kaɗai zai iya kai su gidan talaka.

Inda Gizo Ke Saƙar

Ba gaskiya ba ne a ce rana za ta ɗauke dukkan nauyin. Babbar matsala ita ce lokacin da aka fi bukatar ruwan zafi shi ne lokacin hazo, kuma da asuba ake bukatarsa, sa'ad da rana ta yi awa goma sha biyu da faɗuwa. A ranar da ƙura ta rufe sama ruwan zai tsaya a ɗumi kawai. Akwatin gilashi dai yana amfana da hasken da ya warwatsu a sararin sama, ba kamar madubin tara haske ba, wanda sai da rana tsantsa yake aiki, amma duk da haka ribar takan ragu. Ƙurar da ke kwanciya a kan gilashi sai an goge ta kullum. Sa'an nan karkatar akwatin tana da muhimmanci: Kano tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, a Disamba kuwa ranar tsaka takan kauce wajen digiri 35 zuwa kudu, don haka mai son ruwan hunturu sai ya fuskantar da akwatinsa kudu, ya ɗaga bayansa kamar digiri 25 zuwa 30. Game da asuba, magani shi ne a juye ruwan da yamma a mazubi mai murfi, a binne shi cikin kwando ko akwati da aka cusa wa ɓuntun shinkafa, ko ƙaiƙayi, ko audugar rimi. Zai huce kaɗan kafin gari ya waye, amma ba zai koma kamar na randa ba.

Na'urar zamani mai bututun gilashi, irin wadda ƙasar Sin ta fi kowa ƙerawa kuma ake gani a kan wasu benaye a birni, an yi ta ne domin gida mai famfo da rufin kankare. Tanki mai lita 200 nauyin ruwansa kaɗai kilo 200 ne, ba kuwa mai hankalin da zai ɗora wannan a kan soron azara da damina ke jiƙawa. Ruwan wasu rijiyoyi yana barin farin dasashi da ke toshe ƙananan bututu, bututun gilashi guda kuma idan ya fashe sai an je birni. Abin da ya dace da ƙauye shi ne wanda ke tsaye a ƙasa cikin tsakar gida, ana cika shi da bokiti, ana ɗiba ta kan famfo a gindinsa, kafinta da mai walda na iya gyara shi. A kuma kiyaye abu biyu: durom ɗin da aka taɓa zuba maganin feshi ko wani sinadari a ciki ba ya shiga wannan aiki, kuma ruwan da rana ta ɗumama ba tafasasshe ba ne, bai zama na shan jariri ba, bai kuma kamata a bar shi ya yi kwanaki a tanki ba, domin ɗumi yana raya wasu ƙwayoyin cuta.

Idan aka koma ga lissafin wankan jego za a ga wani abin lura. Murhun da ke kewaye tukunya ya tsare wuta, ko na laka ne ko na ƙarfe, yana iya kai kashi 25 cikin 100 na zafi ga tukunya. Wannan kaɗai ya mayar da kilo 10 zuwa kilo 4. Idan ruwan yamma ya fara daga digiri 55, saura digiri 45 maimakon 75, itacen ya koma kilo 2.4, na safe da ya kwana a ɓuntu, a ce yana digiri 40, zai ci kilo 3.2. Jimillar kwana 40 ba ta kai kilo 250 ba, maimakon 800. A gida ba a cika samun abin da ake samu a takarda ba, amma tsarin ya bayyana: babban rabon ragin daga murhu ya fito, rana ta biyo baya. Don haka murhu ne matakin farko, tare da murfi a kan tukunya da busar da itace kafin a hura. Murhun ƙarfe mai suna Save80, wanda ƙungiyar atmosfair ta Jamus ke ƙerawa a Kano, misali ne na irin ingantaccen murhun, ko da yake kuɗinsa ya fi ƙarfin gidaje da yawa idan ba da rangwame ko biya kaɗan-kaɗan ba. Na laka kuwa mace mai ginin tukwane na iya yin sa, muddin an nuna mata gwargwadon ƙofar itace da tazarar da za a bari tsakanin bango da tukunya.

Daga Ina Za A Fara?

Ƙasashen da suka yi nisa a wannan fanni ba hanya ɗaya suka bi ba. Isra'ila ta wajabta na'urar a sababbin gidaje tun 1980. Tsibirin Barbados ya bi ta rangwamen haraji da ƙarfafa masu ƙerawa na gida tun daga shekarun 1970. Kenya ta yi dokar tilastawa a 2012, majalisar ƙasar ta soke ta a 2018 bayan koke-koken masu gidaje. A ƙauyen da ba a neman izinin hukuma kafin a yi gini, doka ba za ta yi komai ba. Darasin da ya fi kusa shi ne na Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta daga Jigawa, wanda ya yaɗa dabarar sanyaya kayan lambu da tukunya cikin tukunya har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Sirrin aikinsa shi ne ya ba magina tukwane na ƙauye aikin, da kayan da suka saba da su, a farashin da jama'a za su iya.

Wuraren da suka fi cancantar gwajin farko su ne ɗakunan haihuwa na ƙananan asibitoci da makarantun kwana, domin a can bukatar ta kullum ce, akwai mai kula, kuma jama'a da yawa za su gani da idonsu. Gani kuwa ya kori ji. Matar da aka yi wa jaririnta wanka da ruwan rana a asibiti ita ce za ta kai labari unguwa, kuma ungozoma idan ta gamsu ta fi kowane jami'in wayar da kai tasiri. A matakin unguwa, tun da bukatar mai jego ta kwana 40 ce kawai, babu dalilin da zai sa kowane gida ya sayi nasa. Ƙungiyar mata ko ta adashi na iya mallakar akwati ɗaya da babban murhu ɗaya ta riƙa bayarwa haya, kamar yadda ake hayar kujeru da manyan tukwanen biki. Idan kuɗin hayar bai kai na itacen da aka rage ba, magidanci ba ya bukatar a roƙe shi.

Ma'aikatan ilimi ma yankin bai rasa ba. Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta koyon sana'a a Bichi, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta, da makarantar sakandaren kimiyya ta Dawakin Tofa, wadda aka kafa tun 1977. Abin da ake nema daga gare su awo ne. Malamin fiziks da ɗalibansa na iya samo jarka biyu iri ɗaya, su shafa wa ɗaya baƙin fenti su sa ta cikin akwati mai murfin gilashi, su bar ɗayar a fili, su riƙa rubuta zafin kowace da ƙarfe 9 da 12 da 3 da 5, a ranar garau da ranar hazo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wani rukunin kuma ya auna itacen da murhun duwatsu uku da murhun laka ke ci wajen tafasa lita 20, da sikelin mai sayar da hatsi. Duk kayan aikin bai wuce ma'aunin zafi guda, da gilashin tsohuwar taga, da littafin rubutu ba. Makarantu biyar da suka yi wannan a hunturu guda za su tara alƙaluman da mai walda na Bichi zai dogara da su wajen yanke girman akwati da kaurin rufinsa, kuma da su shugaban ƙaramar hukuma zai san ko lita 200 za ta ishi ɗakin haihuwa na garinsa a watan Janairu.